Ƙafar Yaya Ta Fara Jinkiri, Ni Ake Zargi

Gwaggo, ina gaishe ki da aiki. Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da ya yi tsawo, domin na kai matsayin da in na yanke shawara da safe, kafin rana ta take na warware ta. Ni mutum ne mai rubuta abin da ya same shi kullum tun ina sakandare, har matata kan ce da takarda nake hira ba da ita ba. Amma wannan magana na rubuta na sake rubutawa, takarda ba ta ba ni amsa ba. Shi ya sa na zo gare ki. Ki sakaya sunana.

Na ɗan haura shekara arba'in. Da rana ina yankan takarda a wata maɗaba'a. Asabar da Lahadi da yamma kuma ina kaɗa jitar bes a wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a farfajiyar wani otal, lokacin da iyalai ke zuwa cin abinci. Ko da ba ki san ta ba, bes ita ce jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke can ƙasa. Yawancin mutane ba su san suna jin ta ba sai ta yi shiru. A ƙirji ake jin ta fiye da kunne.

Sai na bayyana miki yadda aikinmu yake, in ba haka ba ba za ki gane damuwata ba. Mai bes ba ya kallon mawaƙi, ba ya kallon jama'a. Ƙafar mai ganga yake kallo. A cikin gangunan zamani akwai babba guda da ke kwance a ƙasa, wadda ake bugawa da ƙafar dama. Duk sanda ƙafar ta sauka, yatsana ya sauka tare da ita, har mai sauraro ya ɗauka sauti ɗaya ne. A kan wannan takun sauran makaɗa da mawaƙa suke tsayawa. In mu biyun nan muka rabu ko da ƙiftawar ido ne, kowa zai ji wani abu ya lalace ko bai san mene ne ba.

Mai gangarmu yayan matata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya nake ce masa, kuma duk ƙungiyar ta ɗauka, har waɗanda suka girme shi. Shi ya tsince ni ina saurayi ina wahalar da ƙaramar jita, ya dubi hannuna ya ce wai waɗannan yatsu na masu dakon kaya ne, in daina cutar siraran tsirkiyoyi, ya miƙo min bes. Shi ya koya min. Yakan murɗe rediyo har sai siririn sauti ya ɓace, ya ɗora tafin hannuna a jikin katakon lasifika, ya ce in saurara da fata. Dokarsa guda ce: idona a ƙafarsa. A gidansu na ga ƙanwarsa tana shanya, kuma shi ya shige min gaba har aka ba ni ita. Sama da shekara ashirin ke nan ina tsaye a hagunsa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ban taɓa ce masa ya yi kuskure ba, kuma gaskiya a da bai cika yi ba.

Akwai tsofaffin waƙoƙi sanannu waɗanda abin da ake tunawa da su shi ne kiɗan bes ɗinsu. Su ya fara koya min, kuma su nake faɗa wa duk wanda ya zo wurina yana son koyo. Mu a tsakaninmu ba ma kiran waƙa da sunanta, laƙabi muke sa mata. Akwai wadda muke kira Jirgi, domin bes ɗinta sauti ɗaya ne ake ta maimaitawa kamar tafiyar jirgin ƙasa, sai can a ɗan karkata a dawo. Masu koyo suna raina ta, amma nakan ce wanda bai iya riƙe Jirgi daga farko har ƙarshe ba tare da ya gaji ya ƙara ado ba, bai fara ba tukuna. Haƙuri take koyarwa. Akwai Matakala, wadda ke hawa sama a hankali, ta tsaya cak, sannan ta gangaro. Hawan ba wuya, gangarowar ma haka. Tsayawar ce aikin, domin dole ka danne tsirkiya ta yi shiru, ka ci gaba da ƙirga takun a cikinka. Nakan gaya musu cewa shirun ma kiɗa ne. Sai babbarsu, Mai Sallama. Mun sa mata haka ne don bes ke shiga ita kaɗai, ba ganga ba murya, kamar mutum a bakin ƙofa, sai daga baya sauran su amsa. Da na taɓa sautin farko za ki ga cokula sun tsaya, masu kai abinci suna gyaɗa kai da faranti a hannu. Wanda ya iya waɗannan ukun da kyau, nakan ce ya je ya koyi duk abin da yake so, ba zai ɓata ba.

Na tsaya a kansu ne domin su ne farin cikina a duniyar nan bayan iyalina, kuma yanzu su ne nake jin tsoro in an kira.

Watannin baya shugaban ƙungiyarmu, wanda muke kira Maigida, shi ne kuma babban mawaƙinmu, ya ce masu zuwa otal sun fi son tsofaffin waƙoƙin nan, don haka aka mayar da su tsakiyar wasa. Na yi murna ƙwarai. To a nan ne na fara jin wani abu. Zan buɗe Mai Sallama daidai yadda take, sai Yaya ya shigo, sai in ji kamar an ɗora wa waƙar kaya. Ƙafarsa tana sauka, amma a makare, kaɗan ƙwarai, abin da ba zan iya nuna miki da yatsa ba. Ni kuwa hannuna ya saba, tun kafin in yi tunani ya riga ya ja baya ya jira ta. Taku na gaba ta ƙara makara, na ƙara jira. Kafin a kai tsakiya, waƙar da ta fara da tafiyar saurayi ta koma tafiyar mai jinya. Kuma da yake kowa ya haddace kiɗan bes na waƙoƙin nan, kuma ni aka ji na fara da sauri sannan na lafa, ni ake kallo.

Da farko na yarda ni ne. Ni dama ko an ce wani ya bar ƙofa a buɗe, sai na fara tambayar kaina. Na ce ko tsufa ne, ko ƙarar injin maɗaba'a ta taɓa min kunne. Sai na bi abin daki-daki. Na kunna ainihin waƙoƙin a gida na bi su, muka fara tare muka gama tare. Na ce wataƙila don ina jin wanda ya kaɗa ta asali ne yana ja na. Na sa abin ƙirga taku na waya, na kaɗa ni kaɗai, ban kauce ba. Na ba babbar 'yata wayar ta riƙe inda ba na ji, ta duba ko zan gama tare da wayar, na gama. Duk da haka ban gamsu ba, sai da na naɗi gwajinmu na ranar Alhamis na saurara a wurin aiki lokacin hutu. Hannayen Yaya suna nan garau. Ƙafar ce. Na kashe wayar na zauna a kan tarin takardu, na daɗe ban tashi ba, har abokin aikina ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ɗakin da muke gwaji a saman wani shagon taya yake. Wata rana muna saukowa, takalmin Yaya na dama ya zame ya tsaya a kan matakala, shi kuwa ya ci gaba da sauka da ƙafa ɗaya ba takalmi, bai ji ba, sai da na yi magana. Ya juyo ya yi dariya, wai takalmin ne ya gaji da shi yana neman saki. Kowa ya yi dariya, har da ni. Tun daga ranar nake lura. Yakan murza cinyarsa tsakanin waƙa da waƙa. In ya tashi daga kujera yakan ɗan tsaya kafin ya taka.

Sauran ba su gani ba, don ganguna sun kare ƙafar, ni kaɗai ke tsaye inda ake ganinta. Mai fiyanonmu, mutumin kirki ne amma bakinsa ba ya hutawa, ya fara cewa wai bes ɗina ta fara tafiya da sanda, a haɗa kuɗi a saya mata keken guragu. Mawaƙiyarmu ba da wasa ta yi nata ba. Ta ce in waƙa ta ja, numfashinta ba ya kai ƙarshen baiti, tana jin kunya a gaban mutane, in ji tsoron Allah in riƙa yin barci da wuri. Wanda ya fi yi min ciwo wani dattijo ne, tsohon direba, da ke zuwa da matarsa kowace Lahadi ya zauna kusa da lasifikata. Ya kama hannuna bayan wasa ya tambaye ni ko lafiya, wai da can in na shiga Mai Sallama ƙafarsa da kanta take motsi a ƙarƙashin tebur, yanzu sai ya tuna mata. Na ce masa gajiya ce.

Sau ɗaya na gwada tsayawa a kan gaskiyar takun. A Jirgi ne. Na ɗauke idona daga ƙafarsa na kafa shi a bango, na riƙe saurin yadda yake. Gwaggo, ban taɓa jin abu mai muni irin wannan ba. Ina gaba, ganga tana bina a baya tana tuntuɓe. Da na waiwaya sai na ga gumi ya jiƙa masa riga, ya cije leɓe, yana ɗaga gwiwar gaba ɗaya don ya cim min. Ya dube ni. Ba fushi a idonsa, irin kallon da mutum ke yi wa motar da ta tashi ta bar shi ne. Ban iya ba. Na ja baya na jira shi, muka ƙarasa tare. Muna naɗe wayoyi ya ce min, a hankali yadda wani ba zai ji ba, wai yau na yi gudu. Na ce ya yi haƙuri.

Makon jiya muna loda kaya a mota, Maigida ya ja ni gefe. Ya ce manajan otal ya yi masa magana, cewa kiɗanmu ya yi sanyi, kuma akwai wata ƙungiya da ke zawarcin wurin. Ya ce yana jin nauyina, amma mutum shida ke ci a wannan aiki. In ban gyara ba zuwa ƙarshen wata, mai fiyano zai riƙa fitar da sautin bes a kan fiyanonsa da hannun hagu, ni in huta. Ban ga laifinsa ba. Na buɗe baki, sai na hango Yaya yana ɗaure ganguna, na rufe. Abin da ya ƙarasa ni shi ne, da Yaya ya ji, shi ya je ya roƙi Maigida a kaina. Ya ce surukinsa ne, shi ya koya masa, a ƙara masa lokaci, aikin maɗaba'a ne ke cin ƙarfinsa. Da ya ɗauko ni a babur ɗinsa za mu gida, kamar yadda muka saba, duk hanya nasiha yake min, in rage tunani, in riƙa cin abinci. Ina bayansa ina kallon ƙeyarsa da ta yi furfura, ina cewa to, Yaya.

Har yanzu ban sani ba ko ya sani. Wani lokaci in ce mutumin da ya koya min sauraro da fata ba zai kasa jin ƙafarsa ba, ya sani, tsoro ne ya hana shi faɗa, kuma yana ganin ni ina da wani aikin. Sai in ji haushi ya taso min, sai kuma in ji kunyar haushin. Wani lokaci in ce bai sani ba, tunda duk sanda ya makara ina nan tare da shi, to ta yaya zai ji ya makara? In haka ne, ni na rufe masa kunne.

Yaya ba shi da wata sana'a. Ganga ce tun yana yaro, da ita ya yi aure, da ita yake riƙe da 'ya'ya biyar, ƙananan biyu shi ke kai su makaranta kowace safiya. Ni in an sallame ni ba za mu kwana da yunwa ba. Amma Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba, yankan takarda ba rayuwa ba ce, abin da nake yi ne kafin Asabar ta zo. Kuma in na tafi, ban san ko na cece shi ba, don mai fiyano ba zai jira ƙafar kowa ba. Ko kuwa zai jira? Ban sani ba. Matata ta lura na daina taɓa bes a gida, ta tambaye ni, na ce tsirkiya ce ta tsufa. Yayanta ne da ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. In na faɗa mata, na sa ta a tsakiya.

In yi shiru in tafi? In gaya wa Maigida, in zama wanda ya cire wa Yaya abinci a baki bayan ya roƙa min? Ko in fuskanci Yaya, ni da ban taɓa haɗa ido da shi in ce ba haka ba ne? Da wane baki? Kuma in duk lissafina kuskure ne fa, in ni ne ɗin?

Ki gafarce ni da tsawaitawa.

Mai Tsirkiya Huɗu

Amsar Gwaggo

Ɗana Mai Tsirkiya Huɗu, na karanta, kuma ban yanke ko layi ɗaya ba, har bayanin waƙoƙin, don na san akwai masu koyo da za su amfana. Ni ban san kiɗa ba, amma ka bayyana shi yadda na gane.

Bari in fara sauke maka kaya ɗaya. Ba kai ba ne. Ka gwada da waƙar, ka gwada da waya, ka sa 'yarka shaida, ka naɗa ka saurara. Ko alƙali ba ya neman fiye da haka. Ka daina komawa kan wannan tambaya, domin ina zargin ta zame maka wurin ɓuya. Muddin kana cewa wataƙila ni ne, ba sai ka yi abu mai wuyar ba.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na sa wasiƙarka gaba da sauran na wannan mako. Kai kana maganar kiɗa, ni kuwa tun da na kai wurin takalmin na daina tunanin kiɗa. Mutumin da takalmi zai fita daga ƙafarsa bai ji ba, likita yake buƙata, kuma da wuri. Ni ba likita ba ce, ba zan sa wa ciwon suna ba. Yana iya zama ƙaramin abu da magani zai kama, yana iya zama gargaɗin babba. Sannan ka ambaci babur ka wuce kamar ba komai. Na tambayi maƙwabcina mai babur da wace ƙafa ake taka birki, ya ce da dama. Ƙafar da ke makara a kan ganga ita ce ke kan birki in ya ɗauko ka, ita ce kuma in ya ɗauki yara biyu da safe. Waƙa takan jira, kai ma ka jira. Titi ba ya jira. Ka ajiye jaridar nan ka yi tunanin wannan kaɗai.

Ban raina shirunka ba. Kunya ce da sanin alheri, kuma mutanen da ke da su sun yi ƙaranci. Wanda ya ba ka sana'a ya ba ka mata, dole harshenka ya yi nauyi a gabansa. Amma dubi inda shirun ya kai ku. Maigida zai hukunta marar laifi bisa rashin sani, shi ma kuwa yana da haƙƙi, da shi da mawaƙiyar da numfashinta ke yankewa. Kai za ka rasa abin da ke sa ka jiran Asabar. Yaya kuma ba zai tsira ba. Ranar da ka tafi, wanda zai maye gurbinka ba zai rufa masa asiri ba, abin zai fito a gaban masu cin abinci, ba kuma wanda ke tsaye a hagunsa. Tafiyarka jinkiri kawai za ta saya masa, ta kuma ci lokacin da ya kamata a ce yana gaban likita.

Game da ko ya sani, kada ka ɓata dare kana auna shi. Mutum yana iya sanin abu da jikinsa, zuciyarsa ta ƙi karɓa. Roƙon da ya yi maka ba lalle yaudara ba ce. Mai tsoro yakan yi alheri da hannu ɗaya yana kare kansa da ɗayan, kuma bai zama mugu ba. Haushin da ka ji ma ba laifi ba ne.

Ga abin da nake ba ka shawara, bi da bi, tunda kai mai son tsari ne.

Ka fara da matarka, yau. Ka ce ba ka son sa ta a tsakiya, amma a tsakiya aka haife ta. Lafiyar ɗan'uwanta ce, kuma in ta ji daga baya cewa ka ga alamu ka yi shiru, wannan zai fi yi mata ciwo fiye da duk abin da kake gudu. Ƙanwa kuma tana da hanyar yi wa yayanta maganar asibiti wadda suruki ba shi da ita.

Sannan ka je wurin Yaya a gidansa, ba a wurin gwaji ba, ba gaban kowa ba. Kada ka tafi da abin da ka naɗa a waya, ba shari'a za ka kai ba. Kada ka fara da waƙa. Ka fara da takalmin, ka ce abin ya tsaya maka a rai, kana so ku je a duba ƙafar, kai za ka raka shi, kuma har a duba a bar babur. In ya kawo maganar kiɗa da kansa, ka faɗi gaskiya a taƙaice: kana jiran ƙafarsa, kuma ka daɗe kana jira. Ba rashin kunya ba ne. Shi ya ce ka sa ido a ƙafarsa, ka sa, ga abin da ka gani.

Maigida shi ne na ƙarshe, amma kafin wa'adin ya cika. Ya fi kyau Yaya ya faɗa da bakinsa kana zaune a gefensa, don mutuncinsa ya zauna a hannunsa. Ku je da abin da za ku nema, kada ku je da kuka kawai: a ba shi hutun jinya a riƙe masa wurinsa, ko a samu mai taya shi a waƙoƙi masu sauri, ko ya koma gangar hannu tunda ka ce hannayensa garau suke. Ku makaɗa kun fi ni sanin abin da zai yiwu. In Yaya ya ƙi sam, ka gaya masa a fili cewa ba za ka iya ci gaba da amsa laifin ba, kuma za ka yi wa Maigida bayani. Ya ji daga gare ka tukuna. Iyakar abin da yake binka ke nan, kuma ba kaɗan ba ne.

Ba zan yi maka alkawarin daɗi ba. Yana iya yin fushi, ya ce yaron da ya koya wa riƙon jita ne yau ke auna shi. Yana iya ɗauke maka gaisuwa na wani lokaci. Likita yana iya faɗin abin da ba ku so, Maigida yana iya kasa riƙe ku duka biyu, kuma mai yiwuwa ba za ku sake tsayawa tare yadda kuka saba ba. Wannan rashi ne na gaske, kuma kana da damar yin baƙin cikinsa. Amma fushin mai rai ana gyara shi a hankali.

In kuma ka gama magana ya sunkuyar da kai ya ce ya sani, kada ka yi saurin cewa ba komai, kada ka cika ɗakin da lallashi. Ka zauna tare da shi har ya ɗago.

Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya sassauta abin da za a tarar, Ya ba ka ƙarfin buɗe baki, Ya bar zumuncinku.

Gwaggo